Mas'uda Mai Kunna Fitila Cikin Tattasai

Kullum da safe, kafin masu nono su iso daga rugage, Malama Mas'uda takan tsayar da ƙaramin babur ɗinta a gaban rumfata da ke bakin kasuwar Tambuwal. Farar riga ce a jikinta da farin hijabi, ga wata jaka a kafaɗa wadda aka ɗinke hannunta da zaren buhu. Takan gaishe ni, ta tambayi lafiyar gwiwata, sannan ta durƙusa gaban tarin tattasai. Ni mai kayan miya ne, a wannan sana'a na tsufa, kuma na san yadda mata ke zaɓen tattasai. Ja suke so, mai nama, mai nauyi a hannu. Ita ba haka take yi ba. Sai ta ɗauki babba ta ƙwanƙwasa shi da farce, ta kai shi kunne, ta ɗaga shi sama tana duban rana ta jikinsa. Wanda ya yi ƙarar fanko shi ne nata. Ta jefa biyu ko uku a jaka, ta wuce asibiti.

Can kuma, waɗanda suke aiki da ita sun ce ita ke fara buɗe ɗakin mata. Ta goge, ta duba ko batirin sola ya cika, ta jiƙa ƙarafan aiki a ruwan magani, ta jera su bisa farin ƙyalle. Daga nan ba ta zama a kujera. Tabarma take shimfiɗawa ƙarƙashin dogon yaro, inda matan ƙauye ke jira, ta zauna cikinsu kamar ita ma layi ta zo bi.

A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Haifaffiyar Jabo ce, ta yi aikin jinya da karɓar haihuwa a Kebbe, ta yi a Dogon Daji, ta ƙare a nan wurinmu. Ban ji an ce za a kafa rumfa ko a kira makaɗa ba. Karatuna na boko bai yi nisa ba, amma hannuna yana riƙe biro, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na gani da abin da aka ba ni labari.

Tun ina yaro ni mutum ne mai tsayawa kallon abin da bai shafe ni ba. Na taɓa yini guda ina bin ayarin tururuwa don in ga inda suke kai hatsi. Saboda haka zaɓen tattasan nan ya daɗe yana cina a rai. Wata rana dai, 'yan shekarun baya, na kasa haƙuri, na tambaye ta wace irin miya ce ake yi da iska.

Ta yi dariya har jakar ta zame daga kafaɗarta. Ta ce, "Ba miya nika yi ba, Baba Malami. Ɗaki nika nema." Ta ce in na tashi kasuwa in biyo, in dai ba na tsoron asibiti.

Na je da la'asar, mata sun watse. Ta shigar da ni wani ɗan ɗaki mai talabijin bisa tebur. Ta ɗauko wani siririn ƙarfe, kaurinsa bai kai fensir ba, da igiyar wuta a gindinsa. Ta cire hancin tattasan, ta zura ƙarfen a hankali ta wannan 'yar kafa, ta ce in dubi talabijin.

Jama'a, ɗaki na gani. Jan ɗaki mai rufin baka, haske ya cika shi, bangonsa yana sheƙi kamar an shafe shi da mai. Daga sama 'ya'yan tattasan sun sauko farare, jere bisa jere, kamar kwanonin da ake jera wa amarya. Ta juya ƙarfen, muka leƙa wannan lungu, muka leƙa wancan. Duk shekarun da na yi ina sayar da tattasai, ban taɓa ganin cikinsa ba sai na yanka shi, kuma in ka yanka ai ɗakin ya rushe. Ran nan na shiga cikinsa yana rufe. Na daɗe tsaye da baki buɗe, har sai da ta tuna mini magariba ta kusa.

Ta zare ƙarfen, ta miƙo mini tattasan, ta tambaye ni ko na ga inda aka yanka. Na juya shi ko ta ina, lafiyarsa lau. Ta ce to haka ake leƙa mahaifar mace. Sunan aikin a bakin likitoci histaroskofi, na sa ta maimaita har ya zauna mini. Ƙarfen yana da fitila da idon ɗaukar hoto a bakinsa. Ta hanyar da Allah ya yi ake bi da shi, ba a tsaga ciki. Ana sakin ruwa mai tsabta irin na ƙarin ruwa, ya ɗan buɗe mahaifar don a ga bangonta. In akwai tsiro, ko ƙari da ya leƙo ciki, ko bango ya manne da bango, za a gani. Sau da yawa kuma a nan take ake zura ɗan almakashi ko hantsaki ta jikin ƙarfen a gyara. Mafi yawan mata a ranar suke komawa gida.

Ba ita ke riƙe ƙarfen a jikin mutum ba, ta ja mini kunne kada in ɗora mata abin da ba nata ba. Wannan aikin Dakta Anisa ne, likitar mata da ke zuwa daga Sakkwato a ranakun da aka tsara. Mas'uda ita ce mai shirya kaya, mai kula da ruwa, mai riƙe hannun wadda ke kwance. Amma likitar da bakinta ta ce farkon da aka kawo na'urar sai ta yini ba ta duba kowa ba. Magana ta bazu cewa ƙarfen yana tsotse mahaifa, wasu suka ce hoton tsiraicin mata ake ɗauka. Mace ta zo tun daga Sanyinna da ciwonta, ta hango akwatin, ta ce ta bar tukunya a wuta.

Mas'uda ta tuna lokacin da aka tura ta kwas, ta ga likitoci suna koyon hannu a cikin tattasai. Ta roƙi wani tsohon ƙarfe da aka daina aiki da shi, ta mayar da shi na tattasai kaɗai. Abu na biyu da ta yi ya fi wannan ƙanƙanta a ido. Da, likita kaɗai talabijin ɗin yake fuskanta. Ita ta karkato teburin yadda wadda ke kwance ma za ta gani, in tana so.

Ke ce kika gane, Mas'uda, cewa mace ba ta tsoron abin da aka nuna mata kamar yadda take tsoron abin da ake yi mata a ɓoye. Ke ce kika zauna a tabarma kina zura fitila cikin kayan miya, manyan mata suna dariya suna ture juna don su leƙa, har dariyar ta kore tsoron.

Akwai wata mata daga Sanyinna da jini ya ƙi ɗauke mata, har ta rasa gane ranar salla da ranar hutu, ta yi fari fat. Aka leƙa, aka sami tsiro kamar ƙwallon dabino, aka cire. Azumin bana ta aiko wa Mas'uda da ƙwaryar fura. Akwai wata dattijuwa daga Dogon Daji da ta ga jini bayan ta daɗe da dainawa, 'ya'yanta suna tsokanarta wai ƙuruciya ta dawo. Mas'uda ba ta yi dariya ba. Aka ɗebi ɗan nama aka aika gwaji, ya nuna ciwo ne mai haɗari, amma an kama shi da wuri. Ita ta raka tsohuwar har babban asibiti a Sakkwato ranar da za a yi mata aiki. Ba kowa ke fita da murna ba, kuma ba ta taɓa cewa kowa zai fita da ita ba.

Amma labarin da ya sa na ɗauki biro na gidanmu ne. Ina da jika, Rauda, tana aure a Kebbe. Amaryata nake ce mata tun tana rarrafe, ita kuma ta ce da ni tsohon miji mai warin albasa. Ta yarda in rubuta wannan, da sharaɗin kada in ce ta yi kuka da yawa.

Shekarar farko ta aurenta da Mannir ta sami ciki. Yana ɗan wata uku jini ya ɓalle mata. Aka kai ta wani wuri da ba zan ambata ba, aka yi mata wankin ciki. Ta warke, ta koma ɗakinta. Sai dai al'adarta ba ta dawo ba. Wata ya wuce, wani ya bi shi, shiru. Abin da take ji kawai, duk wata mararta takan murɗa na ɗan lokaci, sannan ta lafa.

Surukarta, Inna Atu, mace ce mai son ta ƙwarai, kuma ita ta fassara al'amarin. Ta ce yaron bai fita ba, tsorata ya yi ya kwanta. Murɗawar nan kuwa juyi yake yi cikin barci. Ta kafa hujja da kanta, ta ce autanta Mannir ma sai da ya yi shekara biyu yana barci a cikinta kafin ya ga dama ya tashi. Kwantaccen ciki ba baƙon abu ba ne a bakin mutanenmu. Ni ma ban ga abin musu ba, don na sha ganin an haƙo gaiwa da ranta daga busasshen laka tsakiyar rani. Na ce wanda ya kwantar da kifi a ƙasa ba ruwa, kwantar da ɗan mutum ba zai gagare shi ba.

Haka Rauda ta yi kusan shekara uku tana lallaɓa cikin da ba ya girma. Ba ta ɗaukar tulu, ba ta daka, ba ta hawa babur sai dole. Inna Atu tana dafa mata saiwoyin tayar da shi. In Rauda ta zo ganina, sai in ga ta dafa mararta tana yi masa magana ƙasa-ƙasa, wai ga kakanka can mai rowar tumatir.

Da na ga cikin tattasai, tunanin da ya fara zo mini shi ne, ashe ana iya ganin yadda kwantaccen yaro yake barci. Ko a dunƙule yake, ko yana tsotsar yatsa? Washegari na kai wa Mas'uda wannan tambaya da murnata. Sai na ga fuskarta ta canza. Ta ajiye tattasan da ke hannunta, ta yi mini tambayoyi a kan wankin cikin da murɗawar. Ta ce tana zargin bangon mahaifar ne ya ji rauni ya manne, shi ya tare jinin. Ta ce irin wannan in ya daɗe yana ƙara ƙarfi, har ya kai inda raba shi zai yi wuya, yarinya ta ƙare ƙuruciyarta tana jiran wanda ba ya nan, kuma wani ba zai sami wurin zama ba. Ta ce in kawo ta, amma da mijin da surukar duka. In aka bar surukar a gida, duk abin da aka faɗa a asibiti kafin magariba ta warware shi.

Suka zo cikin motar kasuwa. Aka gwada fitsari, aka yi hoton ciki, babu alamar juna biyu. Mas'uda ta ce wannan dole ne kafin komai, don ba a taɓa zura ƙarfen nan ga mai ciki. Inna Atu ta ce ai mai barci ba ya fitowa a hoto, ɓuya yake yi. Mas'uda ba ta ja da ita ba. Ta kai su ɗan ɗakin nan, ta ɗauko tattasai.

Mannir ya ba ni labarin, yana yi yana dariya. Ya ce tsohuwar ta kalli talabijin, ta leƙa bayansa, ta dawo ta kalli tattasan. Can ta ɗaure fuska ta ce, "Wagga da kinka tura cikin tattasai ita za ki sa ma ɗiyar mutane? Yajin fa?"

Mas'uda ta ce, "Inna, ta tattasai daban, ta mutane daban. Ta mutane tana cikin akwati, ba ta taɓa ganin kasuwa ba."

Inna Atu ta karɓi tattasan, ta tsaga shi da farce, ta duba 'ya'yan ko an kakkaɓe su. Suna nan a manne inda suke. Ta gutsura ta tauna, ta ce ba laifi. Ita ta sauko, Mannir ma ya yarda. Wadda ta ƙi ita ce Rauda. Ta ce ita ba tattasai ba ce, kuma in ƙarfen ya soki ɗanta wa zai biya ta. Ta ja mayafi ta fita, suka koma Kebbe.

Na ɗauka magana ta mutu. Ashe ranar hutunta Mas'uda ta hau ɗan babur ɗin nan nata ta kama hanyar Kebbe, hanyar da ko samari suna kuka da ita. Ta iske Rauda a tsakar gida tana tsince wake, ta zauna ta taya ta. Sun jima suna hirar duniya kafin Rauda ta tambaye ta, tsakaninta da Allah, ko yana ciki.

Mas'uda ta ce, "Ni ban ga ciki ba, Rauda. Fitsari bai nuna ba, hoto bai nuna ba, kuma ba ni yi maki ƙarya don ki ji daɗi. Amma shekara uku kina jin ta bakin mutane, har da ni. Zo ki duba da idonki. Ɗakinki ne."

Ta bayyana mata abin da take zargi, da abin da almakashi zai yi in an same shi, da cewa za ta ji murɗa kamar ta al'ada ko ta ɗan fi. Ta yi mata alkawari biyu. Mata ne kaɗai za su kasance a ɗakin, kuma likita ba za ta yanke ko da zare ɗaya ba sai Rauda ta ce a yanke.

Ranar da Dakta Anisa ta zo, Rauda ta zo. Ni da Mannir muka zauna ƙarƙashin dogon yaro. Inna Atu ta ce surukuta ba za ta bar ta ta shiga ba, ta zauna nesa da mu tana jan carbi. Abin da ya faru a ciki daga bakin Rauda na ji.

An ba ta maganin rage zafi, Mas'uda ta zauna wajen kanta ta riƙe hannunta, ta karkato talabijin. Rauda ta ce da farko duhu ta gani da ruwa, sai haske ya buɗe. Ba ja ne kamar tattasai ba, ruwan hoda ne mai laushi. Amma ɗakin bai buɗe duka ba. Wasu fararen zare sun kama wannan bango sun haɗa da wancan, kamar saƙar gizo a ɗakin da aka daɗe ba a shiga ba. Ita ba zaren take kallo ba, ɗanta take nema. Ta ce a leƙa dama. Likita ta juya fitila, lungun dama ba kowa. Ta ce a leƙa hagu. Likita ta ce hagu yana bayan saƙar nan, ba a iya gani sai an yanke ta.

Rauda ta ce ƙarar ɗigar ruwa kawai take ji. Ta dubi Mas'uda. Mas'uda ba ta ce yi ba, ba ta ce bari ba, hannun dai ta ƙara riƙewa.

Rauda ta ce, "A yanke. Ina son in gani."

Ɗan almakashin ya fito a talabijin kamar bakin tsuntsu, yana tsinke zaren ɗaya bayan ɗaya, bangon yana ja da baya. Da aka gama, fitila ta shiga lungun hagu ta haske shi tas. Ba kowa.

Ta yi kuka, kaɗan, yadda ta ce in faɗa. Mas'uda ta bar ta ta yi, ba ta ce ta yi haƙuri ba sai da ta gaji don kanta. Sannan ta share mata fuska da gefen hijabinta, ta ce wancan yaron ya koma ga Ubangijinsa tun ranar da jini ya zuba, ba laifinta ba ne, kuma ba ta yi wauta ba da ta so shi. Ta nuna mata talabijin ta ce ta ƙara dubawa, ɗakin ba kowa, amma yau a buɗe yake.

Ke ce, 'yar Jabo, kika san cewa ranar nan gaisuwar rasuwa ta kamata kafin barka. Mu da ke waje da mun shiga da sai mu fara da murna, mu ɓata komai.

Ba a gama a ranar ba. An bar mata wani ɗan abu a ciki na ɗan lokaci don kada bangon ya sake haɗuwa, aka ba ta ƙwayoyin sha, daga baya aka sake leƙawa aka tsinke ɗan abin da ya koma. Duk zuwan da za ta yi, Mas'uda ke kiran wayar Mannir tana tuna masa, har ya ce ko mai bin sa bashi ba ya matsa masa haka.

Wata rana ina rumfa, sai ga direban motar Kebbe ya tsaya, ya ce an ba shi saƙo gare ni amma bai gane kansa ba. Wai amaryata ta ce a gaya wa tsohon mijinta yau ba ta salla. Na tashi tsaye ban san na tashi ba, na cika wa direban hula da tumatir. Tunda nake ban taɓa ganin gidan da aka yi murnar fashin salla irin ta ranar nan ba.

Bayan kamar shekara ciki ya shiga, na gaske, mai girma wata bayan wata. Nan ma Mas'uda ba ta saki ba. Ta ce mahaifar da ta taɓa mannewa takan riƙe mabiyiya bayan haihuwa, jini ya ɓalle, don haka ba a gida za a haihu ba, ba ma a Tambuwal ba, sai babban asibiti inda akwai jini a ajiye. Inna Atu ta yi gunaguni, ta ce su duk a bayan ɗaki suka haihu. Amma ta bi su Sakkwato da tabarmarta da butarta. Abin da Mas'uda ta ji tsoro kuwa ya so faruwa, sai da aka ƙara wa Rauda jini. Da a Kebbe ne, ban san irin rubutun da zan yi yau ba.

Mace aka samu. Mannir ya sa mata Mas'uda, ni kuwa Tattasai nake ce mata, kuma sunan ya bi ta.

Ranar suna Inna Atu ta ɗauki jaririyar tana zagayawa da ita cikin mata, tana ba da labari da ƙarfi. Wai ai ita ta faɗa tun farko, yarinyar tana ciki tana kwana, fitilar nan da aka haska mata a ido ita ta tashe ta. Mata suna ta mamaki. Aka juyo ga Malama Mas'uda, wadda ke zaune cikinsu, a ji ta bakinta.

Ta ce, "Inna, ni na faɗa maki abin da munka gani, ba kowa a ciki. Amma duk wadda kinka ji an ce nata ya kwanta, ki kawo min ita da wuri."

Inna Atu ta ce ai magana ɗaya ce. Ba ɗaya ba ce, amma tun daga ranar ta zama 'yar aiken asibiti ba tare da kowa ya naɗa ta ba. Takan cika kujerar mota da matan Kebbe da ƙauyukanta, ta kawo su a haska masu fitila. A cikinsu an sami masu ciki na gaske, aka mayar da su awo. An sami waɗanda shekaru ne suka ɗauke masu jini, aka gaya masu gaskiya. An kuma sami irin Rauda.

Da taro ya watse na tsokani amaryata, na ce to wa za mu gaskata, ke ko surukarki. Tana shayar da 'yar, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Bar Inna ta ji daɗinta, Kaka. Ni na ga ɗakin da idona. Wancan ya tafi, ina yi mashi addu'a. Wagga sabuwa ce."

To, Malama Mas'uda, ga abin da tsoho mai kayan miya ya iya haɗawa. Ba ki ƙera na'urar ba, ba ki riƙe almakashin ba, sunanki ba ya jikin kowane allo. Amma na'ura a cikin akwati ba ta warkar da wadda ta gudu, kuma ke kika dawo da masu gudun. Mun gode. Allah ya saka maki da alheri, ya ba ki lafiyar cin hutunki, ya haskaka maki kamar yadda kika haskaka wa 'ya'yan mutane.

Ku kuma matanmu, in jini ya ƙi tsayawa, ko ya ɗauke ba dalili, ko ya dawo bayan tsufa, kada ku zauna kuna jin fassarar makwabta, ku je a duba. Maza, ku kai su, ku zauna a inuwa ku jira, ba abin kunya ba ne. Ma'aikatan asibiti masu tasowa, ban san karatunku ba, amma na ga abin da zama a tabarma da karkato tebur suka yi, kuma ba su fi ƙarfin kowa ba.

Jiya da safe ta tsaya a rumfata kamar kullum. Na tambaye ta, in ta ajiye aiki, wane irin tattasai zan riƙa ware mata. Ta ce mai nama, mai nauyi, irin na kowa, ta daɗe ba ta ci miyar kirki ba. Ta ɗaure jakarta, ta tayar da babur, sai kuma ta kashe shi. Ta ce amma in ci gaba da ware manyan nan masu fanko, ta koya wa waɗanda za ta bari yadda ake ƙwanƙwasawa, kuma Inna Atu ta aiko cewa tana tafe da mata cikin mota.

Na ware guda uku, suna nan a gefen faifai. Ɗazu da kasuwa ta yi shiru na ɗauki ɗaya na kai kunne.